Kayan da za a ɗauka a doguwar tafiyar ƙafa zuwa Chappal Waddi

Abban Hanifa, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni da abokaina uku mun ƙudiri niyyar yin doguwar tafiyar ƙafa a gandun dajin Gashaka-Gumti a farkon watan Janairu, idan Allah ya kai mu, kuma burinmu shi ne mu taka ƙololuwar Chappal Waddi, wanda wasu ke kira Gangirwal, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mai mita 2,419. Za mu bi mota daga Jos ta Jalingo da Bali har Serti, inda hedikwatar gandun take, mu karɓi izini da ɗan rakiya, sauran tafiyar kuma ta ƙafa ce, kusan mako biyu a daji har da dawowa. Jiya na haɗa kayana na kai wa mai sikelin awon hatsi a unguwarmu, sai jakar ta nuna kilo 23, alhali ni kaina kilo 65 ne, kuma ko ruwan sha ban zuba ba tukuna. A cikinta akwai wandon jins uku, riguna takwas, kaftani biyu na shadda, babban bargo, tanti, risho da galan ɗin kananzir, tukwane biyu, shinkafa, wake da manja. Ina roƙon waɗanda suka san irin wannan tafiya su nuna mini abin da zan cire da abin da ya kamata in ƙara.

Baba Tsohon Soja, Titin Rukuba:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Ka yi dabara da ka fara da sikeli, domin yawancin mutane ba sa sanin nauyin abin da suka goya sai sun fara hawa. Ƙa'idar da masu irin wannan tafiya suke bi ita ce kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗaukarsu. Kai ke nan kilo 13 ya kamata ka nufa, idan ta matsa ƙwarai 15, har da ruwa, kuma ka tuna cewa kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Saboda haka kusan rabin abin da ke cikin jakar nan a gida zai zauna.

Tufafi kashi biyu kawai kake bukata, na tafiya da na kwana. Na tafiya za su jiƙe da gumi da raɓa da ruwan rafi, su yi datti, su yi tsami, kuma haka za ka sake mayar da su jikinka kowace safiya ko da akwai sauran danshi, domin zafin jiki zai busar da su kafin hantsi. Na kwana kuwa a ƙulle su cikin leda mai kauri, ba a fito da su sai an sauka zango an kafa tanti, ba a kuma yin ko taku ɗaya na tafiya da su a jiki, komai sanyin asuba. Na ga ƙarti majiya ƙarfi da suka karya wannan ƙa'ida saboda ƙyamar saka rigar jiya mai sanyi, da yamma ta yi ba su da busasshen abin da za su canza, suka kwana haƙoransu na haɗuwa, washegari kuma ba su iya tafiyar kirki ba. Abin da kawai zan yarda ka ninka shi ne safa, ƙafa uku, da kayan ciki uku: ɗaya a jiki, ɗaya an wanke an rataye a bayan jaka yana shan iska, ɗaya a cikin ledar kwana.

Alhaji Mai Gwanjo, Kasuwar Katako:
Na yarda da Baba, amma zan ƙara maganar yadi, domin sana'ata ce. Jins da shadda da yawancin rigunan da muke sakawa a gari auduga ce, ita kuwa auduga tana shan ruwa ta riƙe, ta yi nauyi, ta manne a fata tana janye ɗumin jiki, kuma wandon jins da ya jiƙe a rafi da safe yana iya kaiwa dare bai bushe ba, ga shi yana goge cinya har ta salɓe. Ka bar su duka. Ka nemi rigar 'yan ƙwallo mai dogon hannu, irin ta yadin roba, wadda idan ka matse ta ka shanya ba ta ɗaukar lokaci, da wando mara nauyi mai aljihun gefe na irin wannan yadi. Rigar sanyi kuma ta zama ta ulu ko mai gashi-gashin nan mai laushi da zif a gaba, domin ulu ko ya yi danshi yana riƙe ɗumi.

Duk waɗannan suna fitowa a dila, kuma ba sai ka kashe kuɗin da zai dame ka ba. Idan ka zo zaɓe, ka juya rigar ka karanta 'yar takardar da ke ɗinke a gefen ciki, ita za ta gaya maka yadin da aka yi ta da shi. Ka ja zif sama da ƙasa sau da yawa. Rigar ruwa kuma ka duba cikinta, idan ka ga fatar ciki tana ɓarewa tana zuba kamar gari, ko siririn tef ɗin da aka liƙa a kan ɗinki ya ɗago, to ta gama aiki, ka ajiye ta komai kyawunta a ido. Ka zo da wuri, domin da hunturu ya kama Jos kayan sanyi suna tashi, masu kyau kuma su ake fara kwashewa ranar da aka fasa dila.

Injiniya, Kubwa, Abuja:
Gaisuwa ga Baba da Alhaji. Ina so ƙanina ya yi lissafin sanyi da lamba, kada ya dogara da cewa shi mutumin Jos ne ya saba. Jos tana kan tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, wurin da za su je kuwa ya ninka wannan. Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau, saboda haka a ƙiyasi ya sa ran daren can sama zai fi na Jos sanyi da wajen digiri 8, kuma duk mun san cewa daren hunturu a Jos kan sauko zuwa wajen digiri 10. A ƙara da iska mai kaɗawa a fili, babu gini, babu rufi.

Don haka ni a ganina akwai abu biyu da ba a yi musu rowa. Na farko jakar barci, wadda ake shiga a ja zif har wuya, domin ta fi bargo ɗumi kuma ta fi shi sauƙin ɗauka. Na biyu shimfiɗar soso mai tauri da ake naɗewa, saboda ƙasa ce take shan ɗumin mutum da dare fiye da iska, kuma tabarma ko dadduma ba sa tare wannan. Sai hular sanyi mai rufe kunne da safar hannu, waɗanda nauyinsu bai taka kara ya karya ba. Game da takalmi kuwa, ina ba da shawarar ya sayi na hawan dutse mai rufe idon sawu, ko da zai yi tsada, domin da kaya a baya a kan gangara mai tsakuwa targaɗe ba shi da wuya.

Malam Jauro, Bukuru:
Injiniya, a kan shimfiɗa da hula ban ja da kai ba, amma a kan takalmi ina da magana. Na tashi a cikin kiwo, kuma makiyayan da suke hawa da sauka a tsaunukan Mambila da na Filato shekara da shekaru, takalmin roba ne a ƙafarsu, da sanda, da malafa, da gora, da mayafi a kafaɗa. Takalmin roba idan ka shiga rafi ka fito ka zazzage shi ya bushe, babban takalmin fata kuwa idan ruwa ya shiga cikinsa sai ya kwana biyu da laima, ƙafa ta yi fari ta yi laushi ta fara tsagewa a tsakanin yatsu. Ga nauyi a ƙafa, wanda mutum zai ɗaga sau dubbai a yini. Ina ganin a bar yaro ya tafi da abin da ƙafarsa ta sani.

Injiniya, Kubwa, Abuja:
Malam Jauro, maganarka gaskiya ce a kan makiyayi, sai dai makiyayi ƙafarsa ta yi kanta tun yana yaro, kuma ba ya goyon kilo 15. Abban Hanifa a gari yake zaune, tafiyarsa daga mota zuwa ofis ce ko shago. Idan ya saka takalmin roba ya yi yini yana gangara da kaya, gumi da gogayya za su tayar masa da bororo tun ranar farko.

Malam Jauro, Bukuru:
Sabon takalmin fata ma zai tayar masa da bororon, har ya fi. Wannan shi ne abin da nake tsoro, mutum ya sayi takalmi ranar Juma'a ya shiga daji da shi ranar Litinin.

Baba Tsohon Soja, Titin Rukuba:
Ku biyun kun haɗu a wuri ɗaya ba ku lura ba. Abin da ke cutar da ƙafa shi ne takalmin da ba ta saba da shi ba, ko wane iri ne. Ɗana, ka sayi takalminka yanzu, ko mai rufe idon sawu ko kambas mai ƙwarin tafi da zane mai kama ƙasa, ka gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi tafiya da ita, kuma ka tabbata akwai faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunka da bakin takalmin, domin a gangara ƙafa gaba take zamewa, idan babu wuri farce ne zai yi baƙi ya fita. Sannan kowane ƙarshen mako ka goyi jakarka da nauyinta na gaske ka hau duwatsun Shere, waɗanda mafi tsawonsu ya kai kimanin mita 1,829, ga su nan a bayan gari. A can za ka gane inda takalmi ke cizo da inda maɗaurin jaka ke gogar kafaɗa, tun kana kusa da gida. Takalmin robar Malam Jauro kuma ka rataye shi a bayan jaka, da shi za ka riƙa tsallaka rafi, da shi za ka zauna a zango ƙafa ta sha iska. Sandarsa ma ka karɓa, tana rage wa gwiwa wahala a saukowa, kuma da ita ake auna zurfin ruwa kafin a sa ƙafa.

Anti Nas, Rikkos:
Sannunku da ƙoƙari. Zan yi magana a kan lafiya, domin a jerin da ƙanina ya kawo ban ga ko filasta ba. Da zarar ka ji wani wuri a ƙafarka ya fara zafi, ka tsaya nan take ka cire takalmi ka liƙa filasta, kada ka jira sai ya zama bororo. Ka tafi da bandeji mai talewa saboda targaɗe, da auduga da ruwan wanke ciwo, da farasitamol, da man kaɗanya ko basilin saboda faso da tsagewar leɓe a hunturu da gogayyar cinya. Ka sayi 'yan ƙunshin garin gishiri da sukari a kemis, idan kuma sun ƙare ana haɗawa da lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gudawa a daji tana kayar da mutum cikin yini ɗaya.

Ruwan rafi komai haskensa kada a sha shi haka, domin dabbobi suna sha suna kashi a samansa. A tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, idan an haura mita 2,000 a ba shi minti uku, saboda a can sama ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a ƙasa ba. Idan babu halin hura wuta, akwai ƙwayar tsarkake ruwa, a jefa yadda aka rubuta a jikin kwalin a jira minti 30, idan ruwan ya gurɓace a fara tace shi da tsabtataccen ƙyalle.

A ƙasan gandun, inda kurmi da koguna suke, akwai sauro da tsando da kaska. Tsando yana bin shuɗi da baƙi, kuma yana cizo ta cikin yadi mara kauri, saboda haka Alhaji ya zaɓar masa kaya masu ruwan ƙasa ko kakin da bai yi duhu ba, dogon hannu da dogon wando, a cusa ƙafar wando cikin safa idan za a ratsa ciyawa. Ya je asibiti kafin tafiya a ba shi shawara a kan maganin zazzaɓin cizon sauro da zai riƙe. Kowace safiya a zazzage takalmi kafin a sa ƙafa saboda kunama. Idan maciji ya sari mutum, Allah ya kiyaye, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau da igiya. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibitin da ke da allurar dafi cikin gaggawa. Abu na ƙarshe da nake roƙo da babbar murya, kada a shiga tanti da garwashi ko risho a kunne don jin ɗumi. Mu a Jos mun san yadda gawayi a rufaffen ɗaki yake kashe mutane cikin barci a lokacin sanyi, tanti kuwa ya fi ɗaki ƙanƙanta.

Abban Hanifa, Unguwar Rogo:
Allah ya saka da alheri, Anti. Baba, to abincin fa? Shinkafa da wake ne suka fi komai nauyi a jakar, amma ina tsoron yunwa.

Hajiya Maman Sadik, Gangare:
Ɗana, wake ba abincin tafiya ba ne, yana cin wuta yana cin ruwa yana cin lokaci, kuma a kan dutse ya fi daɗewa bai nuna ba. Ka nemi abin da aka riga aka busar, wanda ba ya lalacewa kuma yake riƙe ciki: garin kwaki da sukari da madarar gari, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, dabino, kilishi, dambun nama da aka soya ya bushe sosai, dakuwa, garin kunu, ganyen shayi, da taliyar leda mai saurin dahuwa don abincin dare mai zafi. Gyaɗa da duk abin da ke da maiƙo sun fi ba da ƙarfi idan aka gwada da nauyinsu, domin mai yana ba da kuzari fiye da ninki biyu na abin da gari ko sukari ke bayarwa. Manja a jaka fitina ce, idan murfi ya kwance ya ɓata komai. Ka zuba man gyaɗa kaɗan a ƙaramar gorar roba mai murfin murɗawa, ka sa ta a leda biyu. Ka raba abincin kowace rana a ƙullinsa daban tun daga gida, don kada ku cinye na kwana uku a daren farko saboda gajiya. Yaji da gishiri kada ka manta, bakin mai gajiya yana ƙin abinci lami.

Injiniya, Kubwa, Abuja:
Kuma ku huɗu ne, bai kamata kowa ya ɗauki komai ba. Tukunya ɗaya ta ishe ku, murhu ɗaya, wuƙa ɗaya, akwatin magani ɗaya, tanti biyu a raba tsakaninku, wani ya ɗauki rufin wani ya ɗauki sandunan. Kananzir idan ya tsiyaya a kan abinci an yi asara, ƙaramin murhun gas na tafiya ya fi tsabta da sauƙi, maganar hura itace kuma ku tambayi ma'aikatan gandun a Serti, tunda wuri ne da gwamnatin tarayya ta keɓe tun 1991 kuma yana da dokokinsa, ga shi lokacin rani ciyawa a bushe take. Ku tambaye su kuma ko ana samun 'yan dako a ƙauyukan da za ku ratsa, domin idan akwai, biyan mutum ya ɗauki buhun abinci ya fi ku karya bayanku.

Yadda ake shirya jakar ma yana canza nauyinta a jiki. A fara shimfiɗa babbar leda mai kauri a ciki, jakar barci da kayan kwana a ƙasa, abinci da ruwa da duk mai nauyi a tsakiya daf da gadon baya, rigar ruwa da rigar sanyi da magani da tocila a sama inda hannu zai kai da sauri. Jakar ta zama mai ɗaukar lita 50 zuwa 65, kuma lallai ta kasance da faffaɗan maɗaurin ƙugu, domin ƙugu ne ya kamata ya ɗauki mafi yawan nauyin, kafaɗa tana daidaitawa ne kawai. Tocila ta zama ta ɗaurawa a goshi, da batir na canji. Waya a sauke mata taswira tun ana cikin gari, a kashe neman sabis don kada caji ya zube, da dare a kwana da ita da fawa banki cikin jakar barci domin sanyi yana shanye batir. A riƙe katin shaida da tsabar kuɗi ƙananan canji a leda, tunda dutsen a kan iyakar Kamaru yake, ƙauyukan kuma ba a dogara da tura kuɗi ta waya a cikinsu.

Ummi, Jami'ar Jos:
Ina bin wannan tattaunawa da sha'awa, domin mu ma ɗalibai mata mukan hau Shere, kuma muna fatan yin mai nisa wata rana. Anti, yaya mace za ta yi shigar da ta suturta ta ba tare da dogon hijabi yana kama ƙaya yana harɗe ƙafa ba?

Anti Nas, Rikkos:
Ƙanwata, ki sami sakakken wando mara nauyi, da riga mai dogon hannu da ta sauko har gwiwa, da hijabi iya ƙirji ko ƙugu na yadin da ke saurin bushewa, guda biyu, a kan ƙa'idar da Baba ya faɗa, ɗaya na tafiya ɗaya na kwana. Zani ɗaya mara nauyi yana yin aiki da yawa, ya zama labule wajen canza kaya, ya zama tawul, ya zama mayafi. Ki tafi da audugar mata fiye da lissafinki, da leda mai ƙullewa da za ki dawo da wadda aka yi amfani da ita, domin ba a barin ta a daji.

Malam na Islamiyya, Nasarawa:
Kada a manta da kayan ibada, amma su ma a sauƙaƙe. Babbar dadduma mai gashi nauyi ce, akwai siririya ta matafiya da ke naɗewa ta shiga aljihu. Gorar ruwa ɗaya da aka ware ta isa ta tsaya a madadin buta. Matafiyi yana da rangwamen kasaru, yana da taimama idan ruwa ya yanke ko amfani da shi zai cutar, kuma ya kyautu ku zauna da malaminku ku bi hukunce-hukuncen nan kafin ku tashi. Kaftani ɗaya a bar shi a Serti tare da kayan da za a saka a mota ranar dawowa.

Abban Hanifa, Unguwar Rogo:
Na bi shawarwarinku na sake komawa wurin mai sikeli, yanzu jakar kilo 14 ce da lita biyu na ruwa a ciki, bayan mun raba tanti da tukunya da abinci a tsakaninmu. Saura jakar barci da shimfiɗar soso ban samu ba, kuma na lura ɗinkin maɗaurin kafaɗa na hagu ya fara buɗewa.

Alhaji Mai Gwanjo, Kasuwar Katako:
Maɗaurin nan kada ka kai wa telan kaya, kekensa ba zai huda shi yadda ya kamata ba. Ka kai wa mai gyaran takalmi ya ɗinke shi da hannu da zaren roba mai kauri, ya bi duka maɗauran biyu da na ƙugu ko da ba su nuna alama ba, sannan ka roƙe shi basilla ɗaya da ɗan zaren ka jefa a aljihun jaka. Jakar barci tana fitowa a dilar barguna, zan sa yara su ware maka idan an fasa. Idan ka zo ka shiga cikinta ka ja zif ka ga ko tsawonta ya kai ka, ka ɗaga ta a rana ka duba ko abin da aka cusa a ciki ya dunƙule ya bar wasu wurare fayau, ka kuma wanke ta ka shanya ta bushe sarai kafin ka naɗe. Shimfiɗar soso idan ba a samu ba, masu aikin kujerun mota suna da soso mai tauri wanda ba ya shan ruwa, a yanka maka daga kafaɗa zuwa gwiwa, ƙafafu kuma ka ɗora su a kan jakar.

Baba Tsohon Soja, Titin Rukuba:
Ranar Asabar bayan sallar asuba ku huɗun ku same ni da jakunkunanku a cike, da takalman da za ku tafi da su, mu hau Shere tare. Ina so in ga yadda kowa yake ɗaure maɗaurin ƙugunsa, kuma ku kafa tantin a gabana ku kwance shi, domin a san ko sandunansa da turakunsa sun cika tun kafin ku bar Jos.